Inda Ake Tatsar Giginya: Tafiyata Zuwa Bagan da Ƙauyukan Popa

Ni mutumin Kamba ne, a ƙasar Dandi, mahaifiyata kuma 'yar Gaya ce ta Jamhuriyar Nijar, don haka giginya ba baƙuwata ba ce. A gindinta muka yi kiwo, muruci muka ci har ya gundure mu, kuma azarar da ke riƙe da rufin ɗakin kakata ta girmi mahaifina. Lokacin da nake karatun aikin gona a Malesiya, akwai wani abokin karatuna ɗan Myanmar, ƙasar da iyayenmu suka sani da Bama, da kan dawo daga hutu da wasu 'yan dunƙule-dunƙule jajaye a cikin kwandon ganye. Ɗanɗanon mazarƙwaila gare su, da ɗan ƙamshin hayaƙi a ƙarshe. Ya ce mini ba rake a ciki, daga itace ake samu, ya buɗe waya ya nuna mini hoto. Giginya ce tsaye, tsani ɗaure a jikinta, tukwane rataye a wuyanta. Tun ranar na ƙudurta sai na je na ga yadda ake fitar da sukari daga itacen da mu a gida sai dai mu sare.

A watan Maris na 2019 na samu hutu. 'Yan'uwana ɗalibai sun yi ta hana ni, kuma da hujjarsu. Ba a cika shekara biyu ba da abin da aka yi wa Musulmin Rohingya a jihar Rakhine, inda fiye da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh. Ni ma abin yana ci mini rai. Abokina ya ce inda zan je, wato yankin tsohon birnin Bagan, tsakiyar ƙasar ne, nesa da Rakhine, ya kuma haɗa ni da wani ɗan'uwansa mai tuƙa motar haya a Nyaung-U, garin da ke daf da Bagan. Na karɓi biza a Kuala Lumpur, na nemi dala sababbi fil, domin masu canji a Myanmar ba sa karɓar takardar da ta lanƙwashe ko ta yi tabo.

Jirgi ya sauke mu a Yangon, birni mafi girma a Myanmar, bayan kimanin awa biyu da rabi. Kuɗin ƙasar kyat ne, a lokacin kuma dala ɗaya kyat 1,500 ce da 'yan kai. Maza da zani suke yawo, har ma'aikatan banki, mata da yara kuma fuskarsu shafe da wani farin kwaɓi na ɓawon itace da suke kira thanaka. Abincin halal bai yi mini wuya ba, duk shagon da aka rubuta 786 a ƙofarsa na Musulmi ne. Na yi Juma'a a babban masallacin da ke daf da hasumiyar zinariya ta mabiya addinin Buddha da ake kira Sule, sahu har bakin titi.

Kafin in bar birnin sai da na je maƙabartar sojoji ta Taukkyan, a bakin hanyar arewa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ji labarin yaƙin Bama a bakin tsofaffi. Runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma sun gwabza da Japanawa a dazuzzukan Kaladan da Arakan, wato Rakhine ta yau, a 1944 da 1945. A jikin ginshiƙan wurin an zana sunayen kusan mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba. Na bi layi-layi har na iso ga na rundunar Nijeriya, sunaye irin na gidanmu, wani an haɗa masa da sunan garinsu. Na tsaya na yi musu addu'a, na daɗe ban iya ɗaga ƙafa ba.

Motar dare na shiga daga tashar Aung Mingalar, kyat 20,000, har da bargo saboda sanyin na'ura. An tsaya cin abinci a zangon matafiya da ake kira Mil 115, na samu lungu na yi Isha, sauran daren barci ne. Da asuba muka isa Nyaung-U. Direban da aka haɗa ni da shi, wanda nake kira Ako, wato yaya, yana jirana a tasha. A lokacin, kafin a shiga gari akwai shinge da 'yar rumfa inda ake tsayar da duk motar da ta ɗauko baƙo. Ba su nemi komai ba sai kuɗin shiga yankin kayan tarihi, kyat 25,000, suka ba ni tikiti suka ce kada ya bar aljihuna. Masauki dala 20 a kwana, har da karin kumallo. Doka ba ta yarda ɗan ƙasar waje ya kwana a gidan mutane ba, sai masauki mai lasisi, kuma ita ta hana ni kwana a ƙauyen da na zo dominsa.

Da gari ya waye na fito, sai na ga ƙasa irin tamu. Jan rairayi, tsamiya, dogon yaro, magarya, itatuwan ƙaya, fararen shanu masu tozo suna jan amalanke, gonakin gyaɗa da riɗi da dawa an girbe suna jiran damina. Wannan yanki na tsakiyar Myanmar, da suke kira Anya, duwatsun Rakhine ne suka tare masa ruwan da iska ke kawowa daga teku. Abin da yake samu a shekara bai kai milimita 1,000 ba, alhali Yangon tana samun fiye da ninki biyu. Shinkafa ba ta yi sai inda ake ban-ruwa, damina kuma takan yi gardama gyaɗa ta ƙone a gona. Abin da ba ya fashi shi ne giginya, wadda suke kira htan, tana jere a iyakokin gonaki iya ganinka. 'Yar'uwar tamu ce, ba ita ce sak ba. Tamu tana da kumburin nan a saman gangarta, 'ya'yanta kuma ruwan lemo in sun nuna. Tasu miƙaƙƙiya ce baƙa, 'ya'yanta ma baƙi-baƙi.

Bagan kanta a kan babur mai batir na zaga ta, kyat 7,000 a yini. Daular Bagan, da ta yi ƙarfi tun hawan Sarki Anawrahta a 1044, ta bar gine-ginen ibada fiye da 2,000 na jan bulo a bakin kogin Ayeyarwady, wasu har lokacin ana gyaransu saboda girgizar ƙasar Agustan 2016. Giginya tana nan tun zamanin. A rubuce-rubucen duwatsu da masu hali suka bari, inda suke lissafa abin da suka ba gidajen ibada, ana samunta tare da gonaki da shanu.

A kan hanyar Bagan zuwa dutsen Popa akwai rumfunan da aka shirya domin masu yawon buɗe ido, inda sa ke zagaya turmin matse man gyaɗa, wani ya hau giginya a tafa masa. Ako ya ce mu wuce su. Ya ɗauke ni tun duhu, kyat 45,000 kuɗin mota na yini, muka saki kwalta muka bi burtali cikin rairayi zuwa wani ƙauye a gefen Kyaukpadaung, wurin ƙanin mahaifiyarsa. A lokacin tatsa iyalin ba sa zama cikin gari. Bukka suke yi a tsakiyar giginyoyin, su tare a can da yara da kaji har kakar ta wuce.

Dattijon, wanda na bi bakin Ako nake kira Ulay, wato kawu, ya haura hamsin, siriri ne, tafin ƙafarsa da ƙirjinsa duk kanta. Ya naɗe zaninsa ya cusa ta baya ya zama bante, ya ɗaura wuƙa cikin kuben katako a ƙugu, ya rataya baƙaƙen tukwanen ƙasa da igiya. Tsani biyu ne a aikin. Akwai dogo na gora wanda yake saɓawa daga wannan itace zuwa wancan, ya jingina, yana hawa yana ɗaure shi a jikin gangar. Akwai kuma gajere da ke ɗaure dindindin a can sama, shi ke kai shi cikin ganye. Giginya takan kai mita 20 zuwa 30. Ba igiyar tsaro, ba komai a ƙasa sai fako. Ina tsaye ina kallonsa yana ƙanƙancewa, ƙirjina na bugawa, shi kuwa ko waiwaye ba ya yi.

Abin da na zo gani shi ne inda ruwan ke fitowa. Ba a huda gangar, ba a taɓa zuciyar itacen. Furen ake tatsa. Giginya akwai namiji akwai mace. Namijin yana fitar da dogayen zangarniyoyi, shi ake fara tatsa tun ƙarshen sanyi. Mai hawa yakan matse su da wani awartaki kwanaki a jere har su yi laushi, ya ɗaure su wuri guda, ya yanke bakin, ya rataya tukunya. Macen daga baya take shigowa, da zafi, ita kuma sandar da 'ya'yan ke fitowa a kai ake bubbugawa a hankali kafin a yanka. Daga nan kullum sau biyu, safe da yamma, sai ya hau ya sauke tukunyar da ta tara, ya rataya wata, ya ɗan fere bakin zangarniyar domin ruwan ya ci gaba da ɗiga. Haka za a yi ta yi watanni, har cikin damina, itacen kuma yana nan da ransa, baɗi ya sake bayarwa. Sai ta shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara fure, amma in ta fara takan ciyar da mutum da ɗansa da jikansa.

Da ya sauko ya zauna shan ruwa, na roƙi Ako ya yi mana tafinta.

“Ulay, yaushe kake hutawa?”

Ya ce, “Ɗana, in na fasa yanka yini ɗaya bakin ya bushe, ruwan ya ja baya. Ko zazzaɓi nake yi sai na hau. Ko rasuwa aka yi, in an kai gawa sai in dawo in hau.”

“Ba a faɗowa?”

“Ana faɗowa. Da damina tsani yakan yi santsi, igiya takan ruɓe. Wanda ya mutu ya huta. Wanda ya karye a baya shi ne abin tausayi, shi da matarsa.”

“'Ya'yanka fa?”

“Babban yana Tailan, ƙaramin yana Malesiya, inda ka fito. Ban hana su ba.”

Yawancin giginyoyin da yake hawa ba nasa ba ne. Haya yake yi, yana biyan mai su da wani kaso na sukarin. Ya ce a wurinsu ana gadon giginya, ana jinginar da ita, ana ba da hayarta, kuma kowa ya san adadin nasa.

Rabin aikin a sama yake, rabin a ƙasa, na ƙasan kuwa na mata ne. Matarsa, da muke kira Adaw, wato gwaggo, ita da 'yarta suke bin bayansa da sanda a kafaɗa, tukwane rataye gaba da baya, suna kai ruwan bukka da sauri. Ruwan giginya ba ya jira. Rana na ɗagawa zai fara tsami, in ya yi tsami kuwa ba ya zama sukari. Shi ya sa suke kifa tukwanen a kan wutar busasshen ganye su sha hayaƙi, su kuma zuba ɗan ruwan farar ƙasa a ciki kafin a rataya. Murhun dogo ne na laka, da bakuna a jere, kowane da babban kaskon ƙarfe, wuta ɗaya tana bi ta ƙarƙashinsu. Ana tace ruwan a zuba, ya tafasa, ana kwashe kumfa, yana raguwa ana juye shi daga wannan kasko zuwa wancan. Sukarin da ke cikinsa kashi goma ne da 'yan kai cikin ɗari, saura duk ruwa ne da sai wuta ta kore shi. Nan kuɗin ke tafiya. Ganyen giginya da ɓawon 'ya'yanta da karan wake ba sa isa, sai an sayi itace, kuma a ƙasar da daji ya ƙare itace ba arha. Bayan awoyi ruwan ya koma ja, ya yi kauri yana ɓulɓula da ƙyar. Adaw ta sauke kaskon ta yi ta tuƙawa da muciya har ya fara daskarewa, sannan ita da 'yarta suka shiga gutsura suna mulmulawa a tafin hannu, da zafinsa, suna jerawa a tabarma. Na taɓa ɗaya na ji zafin har ƙwaƙwalwata. Hannun Adaw kuwa duk tabon ƙuna ne, sabo a kan tsoho. Wannan sukarin giginya shi suke kira htan nyet. Wani a bar shi zalla, wani a haɗa da kwakwa ko riɗi ko tsamiya ko garin magarya. Na magaryar, da ɗan tsaminsa, shi ya fi kwanta mini.

Akwai maganar da Musulmi zai so ya ji a fili. Ruwan da aka sauke da asuba zaƙi ne zalla, fari-fari, da sanyinsa, yara ma suna sha. Shi na sha a gindin itacen, daga tukunyar da aka sauke a gabana. Wanda aka tara ba tare da farar ƙasa ba, kafin azahar ya yi kumfa ya yi ɗaci, da yamma kuwa bammi ne mai bugarwa. A bakin hanyoyi akwai rumfunan shansa, wasu kuma suna jiƙa sukarin ya ruɓa su dafa shi ya zama barasa mai ƙarfi. Addinin Buddha da mafi yawansu ke bi ya hana abin maye, yana cikin dokoki biyar da kowane mabiyi ke ɗauka. Ulay ya ce shi ba ya sha, mai hawa sama ba ya wasa da hankalinsa. Amma bai ɓoye mini ba cewa wasu tukwanen na masu rumfa ne, domin su nan take suke biya, ba itacen wuta, ba ƙunar hannu. Ban ji daɗin haka ba. Ban kuma iya ɗora masa laifin shi kaɗai ba, da na ji abin da ake ba shi a kan sukarin.

Da rana Adaw ta yi mana shinkafa da miyar wake da kwaɗon ɗanyen ganyen tsamiya. Ako ya riga ya gaya mata abin da ba na ci, ta wanke kasko daban ta soya mini ƙwai. Bayan abinci aka kawo shayin ganye mara sukari da kwanon htan nyet, a gutsura a kurɓa. Haka ake rufe cin abinci a duk yankin, har a gidajen abinci na gari, kuma kyauta. Sai ga yarinyar da wani abu gasasshe a faranti. Muruci ne. Su ma binne ƙwallayen suke yi a rami, su jira su tsiro, su tone. Ako ya fara yi mini bayanin yadda ake ci, kafin ya gama na ɓare na tsaga na cire sandar tsakiya na kai baki. Adaw ta tafa hannu tana kiran mijinta ya zo ya gani. Daga nan hirar ta sauya, ta koma ta manoma suna tambayar juna. Suka ce a ƙasarku akwai htan? Na ce akwai, dazuzzuka guda. Ulay ya ce, “To su wa ke hawa?” Na ce ba mai hawa, jira muke 'ya'yan su faɗo. Ya dube ni ya ce, “Ashe ku masu arziki ne.” Ba da gatse ya faɗa ba. A ganinsa mutanen da suka bar wannan ruwa a sama lalle suna da wani abin dogaro.

Ina zaune na dubi abin da ke kewaye da ni. Jinkar bukkar ganyen giginya ce, ginshiƙan gangarta ce, kujerar da nake kai da sandunan ganyen aka yi ta, komin shanu gangar ce aka fafe. Igiya, kwando, mafici, malafa, duk ita ce. Ɗanyun 'ya'yan a fasa a sha farin abin nan mai santsi, nunannun a matse a kwaɓa da garin shinkafa a turara. A bikin sabuwar shekararsu, Thingyan, a watan Afrilu, ana mulmula garin shinkafa mai danƙo da gutsuren sukarin a ciki, a jefa a tafasasshen ruwa, a raba wa duk mai wucewa. Tsohuwar gidan ta kwance wani ƙunshin tsumma ta nuna mini ganyen giginya da aka ninke aka ɗinke, an zana rubutu a kansa da ƙarfe mai tsini, ranar haihuwar Ulay da sa'arta da matsayin taurari. Zata suke kiransa, kuma a da kusan kowane yaro ana yi masa.

Tunanin Gaya ya cika mini kai. Dajin giginyar Dallol Mawri sananne ne a yankinmu, kuma abin da muka fi nema a cikinsa azara ce, saboda gara ba ta cin ta. Azara kuwa sai an kashe itacen, kuma tsohon namiji aka fi so don ya fi tauri. Itacen da ya shekara sittin yana girma, a yini guda a kwantar da shi a tsaga a loda a mota, kuɗin ya ƙare kafin wata ya mutu. Muruci kuma, duk daɗinsa, giginyar gobe ce muke ci tun tana jaririya. Inda ake bammin giginya a Afirka ta Yamma ma, a wurare da yawa kan itacen ake fafewa, ya yi 'yan makonni yana zuba ya mutu. Mutanen Anya sun bar ta tsaye suna karɓa kaɗan-kaɗan, ba sa sare ta sai ta tsufa ta daina ba da ruwa. Ba na cewa rayuwar Ulay abin sha'awa ce, na ga kantar ƙirjinsa, na ga hannun matarsa. Amma itacen da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, aka san mai shi, yake kawo abinci kullum, ba a wayar gari a tarar da kututturensa. Mu da muke sayo sukari daga waje, muna kuma da masu mazarƙwaila da suka san sarrafa kasko da wuta, ya kamata masu binciken aikin gonarmu su gwada tatsar furen tamu da gaske. Su fara kuma da neman hanyar hawa da ba za ta karya bayan kowa ba.

Da la'asar muka biya ta Popa, dutsen da ya taɓa aman wuta, mita 1,518, kore shar a tsakiyar ƙasar da ta bushe. A gefensa akwai wani curin dutse, Taung Kalat, da gidan ibada a ƙoli, matakala 777, ba a hawa da takalmi, birai kuma suna fizgar duk abin da ke hannunka. Nan ce cibiyar iskokin da suke kira nat, manyansu 37, da masu hawan iska da kiɗa da rawa, abin da duk wanda ya san bori zai gane. A ɗakin gumakansu akwai ɗaya a kan doki an rataya masa kwalaben giya, Ko Gyi Kyaw, wanda labarinsu ya ce mashayi ne mai caca da zakaru. Na duba na wuce. Abin da ya tsaya mini shi ne labarin da Ako ya ba ni muna saukowa. Ya nuna arewa ya ce can ne Ngathayauk, inda mutanen yankin ke cewa an haifi Bayinnaung, sarkin da ya yi mulki daga 1550 zuwa 1581, ya ci Ayutthaya ta ƙasar Tailan, ya kafa daula mafi faɗi da yankin ya taɓa gani. Littattafan fada sun ce jinin sarauta ne. Labarin baka kuwa ya ce ɗan mai hawan giginya ne, uwarsa ta shiga fada a matsayin mai shayar da yarima Tabinshwehti. Ako ya ce duk gidan masu hawa na biyun suka yarda da shi, ya faɗa yana ɗaga kai.

Washegari a kasuwar Nyaung-U na ga inda sukarin ke zuwa. Tuli-tuli a manyan kwanduna, ƙudan zuma na yawo a kai, ana auna shi da ma'auninsu, viss, wanda ya ɗan haura kilo ɗaya da rabi. Na sayi mai magarya da mai kwakwa a kan kyat 2,500 kowane viss. Da na gaya wa Ako, ya ce abin da dillali ke ba Ulay a bakin bukka bai kai rabin haka ba, kuma sau da yawa ya riga ya ci bashin dillalin tun kafin kaka, don haka ba shi da bakin ciniki. Manyan motoci kuma suna lodin buhuna zuwa masana'antun barasa da na kayan zaƙi a birane. Hausawa suka ce inuwar giginya, na nesa ka sha. A kwana biyun nan na ga na gindinta, na ga na nesan.

Daga Nyaung-U na shiga ƙaramar bas zuwa Mandalay ta Myingyan, kyat 9,000, giginya na biye da mu hagu da dama. A wani shagon Musulmi kusa da kasuwar Zegyo na sha wani abin sanyi da ake yi da ruwan sukarin giginya da kwakwa, sannan na hau jirgi ta Bangkok na koma makaranta.

A ranar 1 ga Fabrairun 2021 sojoji suka kifar da gwamnati, kuma wannan yanki na Anya, Sagaing da Magway da karkarar Mandalay, yana cikin inda yaƙin ya fi zafi. An ƙona ƙauyuka da dama. Ako yakan turo mini saƙo in an samu intanet. Baƙi sun daina zuwa tun annobar korona, ya sayar da motar ya koma noma. A saƙonsa na baya-bayan nan ya ce Ulay da Adaw suna nan da rai, ciwon gwiwa ya hana dattijon hawa dogayen sai gajerun, 'ya'yansa ba su dawo ba, kuma da yawa daga giginyoyin da na gani da tukwane yanzu ba mai hawansu. Na ce ya gaishe mini da su ƙwarai, ya gaya wa Adaw har yau ban ci sukarin da ya kai nata ba. Allah Ya kawo musu zaman lafiya, su da 'yan'uwanmu Rohingya da ke sansanonin gudun hijira.